Miliyan Ɗaya a Goshin Ɗaso

Idan ka tsaya a bakin tashar motocin alhazai ta Kudai a Makka ka tambayi shagon Mukhtaru mai bufiya, kafin a nuna maka hanya sai an ba ka labari. Wasu za su ce maka yana da banki a Turai. Wasu su ce a'a, 'yar sarkin Hangari ya aura a ɓoye, ubanta ya ba shi rabin ƙasar har da kogin da ya ratsa ta. Akwai wani direban bas da ya rantse da idonsa ya ga ana sauke wa Mukhtaru kuɗi a buhun shinkafa, har buhu ɗaya ya fashe, bai ko waiwaya ba.

Ku kwantar da hankalinku. Mukhtaru taubashina ne, ɗan kawuna, ni Ruƙayya na san shi tun yana yawo da majina. Iyakar tafiyarsa a duniya Jidda ce da Madina, sai Ɗa'ifa sau ɗaya, inda ya yi amai a hawan dutse ya ce ba zai ƙara ba. Bufiyar da ake ta faɗi kuwa, wato shagon shayi da sanwici, idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Dukiyarsa firji ne mai tari kamar tsoho, da kaskon soya ƙwai, da kanta mai gilashi a kai.

A nan Makka aka haife shi, a unguwar Zahir. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi noma a Cadi, ya yi dako a Sudan, ya iso aikin Hajji da gemu ya fara fari, ya duba hanyar komawa ya ce Allah ya ba ta haƙuri. Mukhtaru ya yi makaranta iyakar abin da makaranta ta iya jure masa. Ya tura keken tsofaffi a Harami, ya yi aikin jera alhazai a motocin Muzdalifa, inda ya koyi cewa "matsa ciki" da yare tara. Daga nan ya tara abin da ya tara ya buɗe bufiya. Ya auri Maryama, wadda Allah kaɗai zai biya ta.

Domin Mukhtaru marowaci ne. A dunƙule aka haifi hannunsa kamar na kowane jariri, sai dai nasa har yau bai buɗe ba. Idan mura ta kama shi ba ya atishawa kusa da mutane, kada wani ya samu kyauta.

Abu ɗaya ne yake so wanda ba ya kawo riba: kuɗin ƙasashe. A ƙarƙashin gilashin kantarsa yake jera su, yadda masu shaguna da yawa suke yi a garin nan. Alhaji ya sha shayi, ya ga naira da rufiya da lira suna kallonsa, sai kishin ƙasa ya motsa, ya zaro tasa takardar ya ce a sa ta a tsakiya. Wata shekara wani dattijo Bature musulmi ya zo Umra daga Hangari, ƙasar da Larabawa ke ce wa Majar. Ya daɗe yana kallon gilashin. Da shekara ta zagayo ya dawo, sai ya kawo wa Mukhtaru ambulan cike da tsofaffin takardu manya manya, wasu dubu ɗari, wasu dubu ɗari biyar, wasu miliyan guda cur, da shekarar 1923 a jikinsu. Korona ne sunan kuɗin, ba ruwansa da cutar nan da ta kulle mu a gida. Dattijon ya ce na kakarsa ne. Bayan babban yaƙin duniya na farko, in ji shi, ƙasarsu ta yi ta buga kuɗi kamar ana buga kalanda, farashin burodin safe daban, na yamma daban. Kakarsa ta sayar da gonarta ta kulle kuɗin a akwati don tsufanta. Ba ɓarawon da ya taɓa akwatin. A ciki kuɗin suka mutu.

Mukhtaru ya sa ɗaya a gilashi, ya adana sauran.

Yanzu sai Ɗaso. Ɗaso tsohuwa ce da ta shigo Makka ta hanyar Cadi tun kafin a haifi yawancinmu, ƙawar marigayiya Maimuna, kakar Mukhtaru. Ba miji, ba ɗa. Tana zaune a ɗaki ɗaya a saman wani tsohon bene a Zahir, gwiwoyinta sun ƙi ta, amma maƙogwaronta na nan garau. Ita ce mai guɗa da kirari a duk bikin Hausawan unguwa. Ta san sunan kakan kowa da garin da ya baro. Idan ta kama ka da kirari, ko kai Balaraben Makka ne da ba ka jin Hausa sai "sannu", sai ka ji hannunka ya tafi aljihu da kansa, ka liƙa mata riyal a goshi. Da wannan liƙin take ci. A watan azumi kuwa, da ba a biki, zakka da kwalin abincin da gidaje ke aika mata su ne suke riƙe ta.

Kuma tun Mukhtaru yana goye take ce masa mijinta, irin wasan kaka da jika. Duk biki sai ta tsaya a kansa.

"Ga mijina nan, Mukhtaru na Maimuna! Mai shago ba ya cin na shago! Shekara arba'in ina aurenka, ko zare ban gani ba!"

Mata su yi ta dariya. Shi kuma ya ce, "Tsohuwa, ai sakinki zan yi, takarda ce ta yi tsada."

A watan Rajab aka yi bikin Suhaila, 'yar yayarsa. Dangin ango masu hali ne, an kama babban zauren biki. Da lokacin shigar ango wurin mata ya yi, aka yi sanarwa kowa ya ja mayafi, ango ya shigo da mazan da suke muharraman amarya. Mukhtaru na cikinsu, cikin farar riga da aka goge har tana yanka. A aljihunsa akwai miliyan ɗaya ta Hangari. Kwana uku ya yi yana dariya shi kaɗai a bufiya yana shirya abin. Lissafinsa shi ne, zai liƙa mata, ta duba ta ga takardar banza ce, ta bi shi da zagi, zaure ya ɗauki dariya, sannan ya zaro riyal hamsin na gaske ya rufe bakinta. Riyal hamsin ɗin ma yana ɗaya aljihun, yana ta yi masa zafi a cinya.

Ɗaso ta hango shi, ta karɓi makirfo.

"Mijina marowaci ya iso! Ku ɓoye ruwan shanku, zai sayar muku!"

Ya taka a hankali ya manna mata takardar a goshi. Takarda ce mai faɗi, ta rufe mata ido. Ta ciro ta, ta juya ta, ta kai ta kusa da hanci. Ɗaso ba ta karatun boko, amma ta san sifili idan ta gan shi, kuma ba ta taɓa ganinsu sun yi sahu haka ba. Ta jawo wata budurwa daga dangin ango, Raghad, ta ce, "Ya binti, nawa ne wannan?"

Yarinyar ta ƙidaya da farce. Makirfon na kusa da bakinta.

"Milyon! Wallahi milyon!"

Zauren ya fashe da sowa. Mukhtaru ya buɗe baki zai ce wasa ne. Sai ya ga tsohuwar ta sauka a kan gwiwoyin nan nata da ba sa lanƙwasuwa, ta sa goshi a ƙasa tana sujadar godiya. Da ta ɗago, hawaye ya wanke kwallinta. Ba ta yi guɗa ba. Ta kama gefen rigarsa ta ce a hankali, "Ashe kana sane da ni, ɗan nan."

Uwar ango tana cewa masha Allah, wannan dangi ne na karamci. Yayarsa tana kallonsa da alfahari. Magana zarar bunu ce, shi kuwa tasa ma ba ta fito ba. Abin da ya iya faɗa mata a kunne shi ne, "Kada ki kai wa masu canji, kuɗin ƙasa mai nisa ne, ba a karɓarsa a nan." Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ƙarya mafi girma da ya taɓa yi. Ya fita da riyal hamsin ɗinsa a aljihu.

Kafin a watse, 'yan mata sun ɗauki hoton takardar sun bincika a waya. Washegari duk Zahir ta sani. Duk Zahir ban da mutum ɗaya. Mata suka koma ce mata Hajiya mai miliyan. Idan ta wuce sai a rusuna a ce, "A tuna da mu," tana ba da baya a cusa mayafi a baki. Daga nan labarin ya tsallaka Kudai ya yi ƙiba, ya zama banki, ya zama 'yar sarki.

Mukhtaru ya ce wa kansa gobe zai je ya gaya mata. Gobe ta zo, ana cunkoson masu Umra. Jibi gas ya ƙare. Ya ce to menene, tsohuwa tana farin ciki, wa aka cuta? Ya cire miliyan ɗin da ke ƙarƙashin gilashi ya sa kuɗin Malesiya a wurin, don ya gaji da kallon hoton matar da ke jikin takardar. Duk da haka idan yana fasa ƙwai sai ya ji "ashe kana sane da ni", ya fasa shi a gefen kasko.

Sai ga azumi.

Gidan farko da ya aika mata kwalin abinci, shinkafa da mai da sukari da dabino, an dawo da shi. Gida na biyu ya aika ambulan na zakka, ta ce a kai wa mabukata. Ta ce ita yanzu ta mallaki nisabi har ya yi yawa, zakka ta haramta gare ta, ba za ta ci haƙƙin talakawa ta tashi da shi a wuya ba. Ta ma aika a tambayi limami yadda ake fitar da zakkar kuɗin da ba na ƙasar nan ba idan shekara ta zagayo. Wanda aka aika bai je ba, dariya ce ta hana shi.

Ba ta tsaya nan ba. 'Yar shinkafar da ta rage mata ta dafa ta aika wa wasu 'yan aikin shara da ke kwana a ƙasan benen, don su sha ruwa. Ta ce duk rayuwarta hannunta a ƙasa yake yana karɓa, bari ta ji yadda na sama yake ji kafin ta mutu.

Maryama ce ta hau wurinta a goman tsakiya. Da ta dawo ba ta cire abaya ba ta tsaya a kan Mukhtaru.

"Na buɗe tukwanenta. Ka san abin da na gani? Gizo-gizo. Da shayi da busasshen burodi take sahur."

"Ki kai mata abinci mana."

"Na kai. Ta ce idan sadaka ce ba ta ci. Na ce kyauta ce. Ta ce to ita ma sai ta rama, ta ɗauko zannuwanta biyu za ta ba ni ɗaya. Maigida, tsohuwar nan za ta faɗi a ɗakin nan ita kaɗai, kuma kai ka kashe ta da wasa."

Ya gwada dabara. Ya kira ta a waya ya ce ya samu mai canji, ta kawo takardar zai riƙa ba ta riyal kaɗan kaɗan. Ta ce, "Mijina, ka fara nadama ke nan? Na san ka. Abin da ka liƙa ya liƙu. Ba zan taɓa shi ba sai shekara ta cika na fitar wa Allah nasa." Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da tari mai tsawo. Ya kashe wayar ya zauna a kan kwalin ƙwai, ya fasa na sama duka.

Washegari bayan la'asar ya ɗauki ambulan ɗin Baturen ya nufi Zahir. Mutumin da ya tura alhazai masu nauyin buhu uku tsakanin Safa da Marwa, ranar sai ga shi yana hutawa a kowane hawa na benen. Ya same ta a kan darduma, ta rame, fuskar ta zama ido kawai. Da ta gan shi ta washe baki.

"Maigida da kansa! Yau za a yi ruwa a Makka."

Ya durƙusa ya buɗe ambulan ya fara jera takardun a gabanta, ɗaya bayan ɗaya, har suka rufe gefen dardumar. Miliyan, miliyan, dubu ɗari biyar, miliyan.

"Iya," ya ce. Bai taɓa ce mata Iya ba. "Dubi nan. Da kuɗi ne, kina ganin zan kwana ina soya ƙwai a Kudai?"

Ta dubi takardun. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro tata, a naɗe cikin leda da ƙyalle, ta ajiye kusa da su. Iri ɗaya.

"Na jabu ne?"

"Ba na jabu ba ne. Kuɗi ne na gaske, amma sun mutu tun kafin a haife ki. Ko abin kwabo ɗaya ba za su saya miki ba. Wasa na yi niyya. Na ɗauka za ki gane ki zage ni."

Ya ba ta labarin dattijon, da gonar da kakarsa ta sayar, da akwatin da ba wanda ya buɗe. Yana magana yana kallon tabarma. Ta saurara har ya gama.

"Ita wannan matar, wa ya yi mata haka?"

"Gwamnatinsu ce, Iya. Yaƙi ne ya..."

"To ita gwamnati ce ta cuce ta. Ba ta san fuskarta ba." Can ƙasa ana jin ƙarar tukwane, gidaje na haɗa abin shan ruwa. "Su wa suka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce su wa suka sani? Maryama?"

Ya gyaɗa kai.

"Matan unguwa? Masu rusuna mini a hanya?"

Ya ƙara sunkuyar da kai, har gemunsa ya taɓa ƙirji. Ya jira zagi. Da ta zage shi da uwa da uba da kakan da ya taho a ƙafa, da ya ji sanyi. Ya jira ta jefe shi da buta. Ɗaso ta naɗe takardarta cikin ƙyallenta a hankali ta mayar ƙarƙashin matashi.

"Wannan tawa ce, a goshina aka sa ta. Kwashe sauran." Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ka ce wa gidan da suka aiko kwali su sake aikowa. Amma a hawo da shi lokacin da mutane ke masallaci."

Ya zaro riyal hamsin ɗin nan, wanda tun ranar biki bai iya kashewa ba, ya ajiye a gefen darduma.

"Na gode, Malam Mukhtar," in ji ta. "Allah ya saka. A ja mini ƙofa."

Malam Mukhtar. Ya ce ya sauko benen nan bai san da ƙafa ya sauko ba ko da ka.

Tun daga ranar, kafin ya buɗe bufiya sai ya biya Zahir da ful da tamis mai zafi, wato dafaffen wake da burodi, ya hau bene ya ajiye a bakin ƙofa. A sauran azumin kuwa kafin magariba yake kaiwa. Marowacin da ke raba ƙwai ɗaya a sanwici biyu, yanzu har da zuma da cuku. Tana karɓa, ta ce, "Na gode, Malam Mukhtar," ta rufe ƙofa. An yi biki biyu bayan Sallah ba ta je ba. Na uku ta je, ta yi wa kowa kirari har da mai ɗaukar hoto. Da ta zo kansa sai ta ce, "Allah ya ƙara arziki," ta wuce. Maryama ta ce ranar bai ci abinci ba. Ya gaya mata da za a ce ya ba da bufiyar da firjin da kaskon, a ce masa "mijina marowaci" sau ɗaya, da ya sa hannu.

Har yanzu yana hawa benen. Gwiwarsa ma ta fara ƙara.

A Babbar Sallar da ta wuce muka taru a gidan yayarsa, ana rabon barka da Sallah. Ni kuwa taubashiya ba ta ganin wuya ta ƙi yanka. Na shimfiɗa masa hannu a gaban kowa na ce, "Ranka ya daɗe gwamnan bankin Hangari, surukin sarki, a taimaka wa talaka. Amma don Allah a ba ni wanda ke da rai, goshina ba ya ɗaukar gawa."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Mukhtaru ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni, ya dubi sauran matan ɗaya bayan ɗaya.

"Ni takarda ɗaya na liƙa mata, Ruƙayya, kuma kullum ina hawa in biya. Ku da kuka yi wata biyu kuna rusuna mata kuna cusa mayafi a baki, wace ce a cikinku ta san yawan matakalar benen nan?"